Sai Ka Yi Mini Binne

"Shi ke nan, Raudatu. Tamu ta ƙare."

Abin da Wahidu ya fara faɗa ke nan da ta ɗaga wayar, ko sallama babu. Tana durƙushe a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, sai rariyar ta suɓuce daga hannunta.

Ba ta tsaya tambayar me ya faru ba. Kuka ta fara tukuna.

Duk garin Dayi an san Raudatu 'yar Malam Sanda da wannan hali. Ita ba ta jira abu ya lalace kafin ta yi masa kuka. In akuyarta ta yi tari, ta fara tunanin wanda za a ba fatar. In ta ɗora miya, tun ba ta tafasa ba ta gama yanke hukuncin gishiri ya yi yawa. Kakarta Inno, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, takan ce da hawaye yana shayar da gona, da gidansu ya daɗe da daina jiran damina.

Sai da ta yi mai isarta sannan ta ja majina ta ce, "Ka ga Baban?"

"Na gan shi."

Abdulwaheed Adekunle sunansa, amma daga tashar Funtua har Dayi Wahidu ake ce masa. A Funtua aka haife shi, a shagon ubansa na kayan injin niƙa ya girma. Hausa kuwa a bakinsa sai ka rantse da ita aka yaye shi, sai dai Hausar shago da tasha ce, ba ta taɓa taka gona ba. Tun ranar da ya zo gyaran injin unguwarsu ya hangi Raudatu a layin niƙa, injin nan bai sake samun lafiya ba, kullum sai Wahidu ya gano masa sabon ciwo.

"A zaure na same shi yana gyaran ƙotar fartanya," in ji Wahidu. "Na durƙusa har ƙasa. Na ce Baba, iyayena suna neman izini su zo. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce..."

"Ya ce me?"

"Ya ce ba zan aure ki ba sai na binne shi."

Raudatu ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baban ne ya faɗi haka da bakinsa?"

"Wallahi. Bai ko ɗaga murya ba. Har murmushi ya yi."

"Na shiga uku! Dama na sani. Tun ran da na fara ganinka na san ba za mu yi aure ba."

"Tun ran farko?"

"Tun kafin ka sauka daga babur."

Ta ci gaba da shessheƙa. Can Wahidu ya gyara murya ya rage sauti.

"Raudatu... Baba zai kai shekara nawa yanzu?"

Kukan ya tsaya cak. "Me ka ce?"

"A'a, tambaya ce kawai. Na ga yana ɗan ɗingishi."

"Ƙaya ya taka! Wahidu, mutuwar ubana kake jira?"

"Astagfirullah! Allah ya ja kwanansa, ya ƙara masa lafiya. Sai dai in ya ja da yawa kuma, mu..."

Ta kashe wayar ta jefa cikin ƙwaryar gari, ta buɗe sabon shafin kuka.

Inno ta fito daga ɗaki tana dogara sandarta. "Wa ya mutu?"

"Ni ce, Inno."

"To Allah ya jiƙan ki. Kafin a kai ki, kori kajin nan, suna cinye mana tuwon dare."

Cikin shessheƙa Raudatu ta zayyana mata komai. Tsohuwar ta ƙanƙance ido. Ta san ɗanta Sanda, mutum ne mai taurin kai, amma ba ya wasa da zancen mutuwa.

"Kira mini shi," in ji Inno. Da Wahidu ya ɗauka ta kai bakinta dab da wayar kamar yana can bayan dutse. "Kai angona! Maimaita mini yadda ɗana ya faɗa, kada ka ƙara gishiri."

"Inno, cewa ya yi, 'Sai ka yi mini binne tukuna.'"

Inno ta dubi Raudatu. Raudatu ta dubi Inno. Sai tsohuwa ta saki sanda ta zauna a kan turmi tana dariya har ɗankwalinta ya zame.

Kunya ta rufe Raudatu. Ita 'yar manomi ce, tun tana tatata ta san binne: a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a bar wa Allah. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa samun hatsi. In bai zo ba, iri ya tafi a banza.

"Shuka yake nufi, sakarai!" in ji Inno tana share hawayen dariya. "Gero za ka zuba masa a gona."

"Alhamdulillahi!" Wahidu ya yi ajiyar zuciya har ana ji. Sai kuma muryarsa ta canza. "Inno... gona? Ni?"

* * *

Ashe ba shi kaɗai aka gindaya wa sharaɗin ba.

Akwai Alhaji Zubair, matashin dillalin hatsi mai manyan sito a Funtua, shi ma yana neman auren Raudatu, wanda Gwaggo Sa'adiya, ƙanwar Malam Sanda, ta tsaya masa tsayin daka. Malam Sanda ya raba gonarsa ta bayan gari biyu, ya ce kowa ga rabonsa, kowa ya yi masa binne. Bai ƙara ko kalma ba.

Alhaji Zubair ya yi dariya ya duba babbar wayarsa. Ya ce wayar ta nuna ruwa sai sati mai zuwa, kuma shi ba ya zuba iri inda bai ga laima ba. In ruwa ya zauna zai turo tarakta da 'yan ƙwadago a gama cikin yini.

"Kin ji mai hankali," in ji Gwaggo, ta tasa Raudatu a gaba a ɗaki. "Mutum ya san ciwon dukiyarsa. Ke kuma kin nace wa ɗan Yarbawa. Gobe kasuwa ta juya masa baya ya naɗe ki a mota sai Ilori, ki koma cin barkono safe da yamma. Wa zai je ya gan ki? Ni dai ban san hanya ba."

"Gwaggo, a Funtua aka haife shi."

"Kaza ma a ɗaki ake ƙyanƙyashe ta, amma ba ta kwana kan gado."

Raudatu ta fashe da kuka. "Ni shi nake so, Gwaggo. Kuma na san ba za a ba ni shi ba. Ruwan ma ba zai zo ba. Ko ya zo, gonar Alhaji zai bi ya tsallake tamu."

"To tunda kin sani, kukan na mene ne?"

"Na rabuwa ne."

Ranar da aka sa, Raudatu ta ɗauki ƙoƙon iri ta bi Inno gona, don tsohuwar ta ce ba za ta bar jikarta da saurayi a daji ba, ko da rana tsaka ne. Tun daga nesa suka hango ƙura na tashi.

Wahidu ya riga su. Ya zo da farin takalmin kanbas, da diga, da shebur. Ya haƙa ramuka a jere, kowanne ya kai gwiwa, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Inno ta leƙa ramin farko. "Angona, har yanzu dai ɗan nawa kake son binnewa?"

"Na ce kada tsuntsaye su tono ne, Inno."

"Ai wannan ko mala'ikan ruwa sai ya yi tambaya kafin ya same shi. Mayar da ƙasar nan."

Ta miƙa masa sungumi, doguwar fartanyar shuka, ta nuna masa yadda ake yi: sara ɗaya a hankali, taki gaba, sara ɗaya. Ta koma gindin ɗorawa ta zauna tana ba da umarni kamar mai unguwa. Wahidu ya fara tafiya yana sara, layinsa na karkacewa kamar sawun maciji.

"Ka bi kunya!" Inno ta ɗaga murya.

Ya tsaya ya sunkuyar da kai. "Wallahi Inno ina jin kunyarki."

"Kunyar gona, ja'iri! Tudun huɗar bara, ga shi nan ƙarƙashin takalminka!"

Raudatu na biye da shi, tana ɗibar gero da yatsu tana jefawa a rami tana rufewa da diddige. Ƙasar ta yi zafi kamar tanda, sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Duk ramin da ta rufe sai ta ce a ranta, wannan ma ya mutu. Amma da Wahidu ya waiwayo, fuska duk ƙura, hannu ya yi bororo, yana washe mata baki, sai dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba.

Suka gama da la'asar. Wahidu ya tsaya ya kama ƙugu yana duban filin.

"To yanzu sai me, Inno?"

"Sai jira."

"Har yaushe?"

Tsohuwar ta nuna sama da sandarta. "Ka tambayi Mai shi."

* * *

Jira kuwa ba sana'ar Wahidu ba ce. Mutum ne da ya saba in inji ya ƙi tashi, a kwance shi a ga abin da ke ciki.

Ya riƙa barin shago a hannun ubansa yana hawo babur tun daga Funtua, ya ratsa Malumfashi, ya sauka a gona. Da farko Raudatu ta ji daɗi, ta ce ƙauna ce. Sai wata safiya ita da Inno suka je korar zabbi, suka tarar da wani ƙaton zabo mai farin takalmi a tsugune tsakiyar gona, yana tona rami da sukuddireba.

"Me kake yi?" in ji Raudatu.

Ya zabura ya ɓoye hannu a baya. "Dubawa nake yi ko ya fara motsi."

"Tun yaushe kake dubawa?"

"Kullum dai... layi ɗaya-ɗaya. Ina mayarwa ai."

Raudatu ta zube a kan kunya. "Shi ke nan! Ya kashe su! Inno, ki ce wa Gwaggo ta zo ta ɗauke ni, na zama matar Alhaji."

Inno ta daɗe tana duban su biyun, sannan ta girgiza kai.

"Allah ya iya haɗi. Ke kina kashe abu da baki tun bai mutu ba, shi yana kashe shi da farce don ya tabbata yana da rai. Ku zo nan."

Suka matso gindin ɗorawa kamar 'yan makaranta.

"Kai, abin da ka binne ka bar shi ya kwanta. Naka shi ne ka zuba, ka rufe, ka kori zabbi, ka tafi gida ka ci tuwonka. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba da kai ake shawara ba. Ba ni ƙarfen nan."

Ya miƙa mata sukuddireban, ta soke shi a ɗankwalinta.

"Ke kuma, daga yau kuka ma sai ya bi layi. Duk abin da za ki yi wa kuka, ki bari ya faru tukuna. Sannan kullum da safe ki fid da bahon wanki ki ajiye ƙarƙashin indararo."

"Inno, babu ko hadari. Mutane za su ce na zare."

"Su ce. Kina ajiyewa kina cewa, watakila yau. Sa rai ba gado ba ne da za a ce ba ki samu ba, koyo ake yi kamar tuƙin tuwo. Na farko da gudaji yake fitowa."

Haka aka yi. Washegari Raudatu ta jawo baho ta ajiye, ta ce "watakila yau" da murya irin ta mai ta'aziyya. Da yamma ta kwashe bahon, ba komai a ciki sai ƙura da gashin kaza. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko an yi ruwa a gidan Malam Sanda su ba su ji ba.

Amma wani abu ya fara sauyawa, ita kanta ba ta lura da wuri ba. Wanda ya ajiye baho dole ya ɗaga kai ya dubi gabas, kuma Raudatu ta daɗe ba ta dubi komai ba sai ƙasa. Ta fara cin abinci har tana neman ƙari. Akuyarta ta yi tari ta ba ta jar kanwa maimakon ta yi mata wasiyya. Rannan har waƙa Malam Sanda ya jiyo tana yi a bakin murhu, ya tsaya a zaure ya saurara.

Alhaji Zubair kuma ya aiko wa Gwaggo da saƙo cewa wayar ta ce sati mai zuwa.

Sai wata ranar Laraba da hantsi gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, ƙofar langa-langa ta fara bugawa. Raudatu ta fito da gudu ta tsaya kan bahonta.

Ɗis. Ɗis. Ɗis-ɗis.

"Inno! Inno, ya zo!"

Tsohuwar ta leƙo ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Ba ta yi murmushi ba.

* * *

Yayyafi ne. Ya jiƙa bayan ƙasa, ya tashi iri daga barci, ya tattara ya wuce.

Tsiro ya fito siri-siri kamar allura. Wahidu ya kwanta rub da ciki a gona yana ɗaukar hoto da su, har ya sa wa wani suna. Raudatu ta riƙa zagaya layukan tana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

Daga nan rana ta buɗe. Ta buɗe irin buɗewar da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi ruwan ɗorawa, ya bushe. Ran da Raudatu ta koma gonar, in ta taɓa ganye sai ya marmashe a yatsunta.

Gwaggo Sa'adiya ta iso gidan da sabon mayafi.

"To, Allah ya raba gardama. Na ɗan Yarbawa ya ƙone, na Alhaji kuwa irinsa na nan a buhu ko ƙwaya bai yi asara ba. Na gaya wa Yaya, ran Juma'a mutanen Alhaji za su zo gaisuwa."

"Me Baba ya ce?" in ji Raudatu.

"Bai ce a'a ba."

Tana fita wayar Raudatu ta yi ƙara. Wannan karon Wahidu ya yi sallama, amma da muryar da ba ta taɓa jin sa da ita ba.

"Na je na gani, Raudatu. Ko ɗaya bai tsira ba."

"Na sani."

"Mama ta ce in haƙura. Ƙanenta yana da shago a Ilori, yana neman wanda zai riƙe masa. Ta ce in tafi in huta da ƙonewa a gonar mutane. Har ta fara zancen aura mini wata Rukayat." Ta ji yana haɗiye kuka. "Na yi iyakar yina. Hannuna duk ya fashe. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ki ba, amma ga shi har sama ta ƙi ni. Ke kika faɗa tun farko, ba za mu yi aure ba. Ashe ke ce mai gaskiya."

Maganar ta soke ta. Nata kalaman ne, ya adana su ya dawo mata da su, kuma ba ta taɓa sanin haka suke da ɗaci a kunne ba.

Ta jira kukan ya zo. Ga dalili ya samu, abu ya faru, layi ya zo kanta. Amma idonta na kan bahon da ke ƙarƙashin indararo, wanda ta ajiye da safen nan bayan ta riga ta san tsiron ya mutu. Hannunta ne ya ajiye shi, ba tare da ya nemi izininta ba.

"Wahidu, an ɗaura mini aure da Alhaji?"

"A'a."

"Ka hau motar Ilori?"

"Tukuna."

"To kukan me kake yi? Ka bari ya faru mana."

"Raudatu? Ke ce kuwa?"

"Ni ce. Gobe ka zo da sassafe. Kada ka zo da diga."

Ta kashe wayar, sai a lokacin ta tuna ba su da iri. Ta juya, ta ga Inno tsaye a ƙofar ɗaki rungume da wata tsohuwar gora da aka toshe bakinta da tsumma. Tsohuwar ta zare tsumman ta zazzaga kaɗan a tafin hannunta. Gero ne, gauraye da toka don kada ƙwari su ci.

"Kin taɓa ganin na juye irina duka a shukar fari?" in ji Inno. "Kullum sai na rage na biyu. Ban faɗa muku ba ne don wancan mai farcen zai tono shi."

* * *

Suna tsakiyar layi, rana ta fara ɗagawa, sai suka ji ƙarar keke. Malam Sanda ne. Ya jingine keken a gindin ɗorawa, ya gaida mahaifiyarsa, ya tako cikin gonar hannu a baya.

Wahidu ya saki sungumi ya durƙusa. Raudatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Sanda ya dubi busasshen tsiron, ya dubi sababbin ramukan. Layin ya miƙe sambal a kan kunya. Ya waiwaya ya dubi ɗaya rabin gonar, na Alhaji Zubair, inda ba a taɓa ko sara ɗaya ba.

"Wa ya ce ka sake?"

"Ba kowa, Baba. Wato... Raudatu ce. Baba, ku yi haƙuri, na farkon ya mutu. Na tona wasu da hannuna, sauran rana ta ƙone. Na kasa cika sharaɗin."

"Me na ce maka a zaure?"

"Kun ce sai na yi muku binne."

"Na ce sai ya fito?"

Wahidu ya ɗaga kai. "A'a."

"Fitarwa ba aikinka ba ne, ba kuma nawa ba. Ni ma binne ya sha mutu mini, ka tambayi Inno. So nake in ga wanda zai dawo gonar bayan ta ƙone."

Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza ta a hannu. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"An ce da farko ka ɗauka cewa na yi sai ka binne ni."

"Baba, kuskuren ji ne, wallahi..."

"Har ka tambayi shekaruna."

Wahidu ya dubi Raudatu. Raudatu ta dubi Inno. Inno ta mayar da hankali kan wani tsuntsu a saman ɗorawa.

"Ba ka yi kuskure sosai ba," in ji Malam Sanda. "Yarinyar nan ita kaɗai uwarta ta bar mini. Ban damu da yarenka ba, sallarmu ɗaya. Tsorona a kai mini ita inda in ciwo ya kwantar da ni sai dai ta ji a waya. Mutumin da ke tattara kaya ran da abu ya lalace, da 'yata zai tattara. Ni kuwa so nake ranar da za a kai ni makwancina tana kusa, mijinta kuma yana cikin masu zuba ƙasa. In ka yarda da wannan binnen ma, to na ba ka."

Wahidu ya sunkuyar da kai. Ya kifa goshi a kan gwiwarsa, kafaɗunsa na girgiza.

"Na yarda, Baba. Allah ya nisanta ranar. Ya nisanta ta sosai. Wannan karon har zuciyata."

Nan Raudatu ta saki kukan da ta riƙe tun jiya, mai ƙarfi, har zabbin da ke laɓe a bakin gona suka tashi. Ba ta taɓa yin kuka mai daɗinsa ba.

"Yau dai an yi shi a kan lokaci," in ji Inno daga gindin ɗorawa.

Malam Sanda ya kakkaɓe hannu ya nufi kekensa. "Mutanen Alhaji in sun zo Juma'a za su sha fura su koma. Kai kuma ka gaya wa iyayenka su zo."

Wahidu ya miƙe yana share fuska da hannun riga. "Yaushe, Baba? In ruwa ya sauka?"

Malam Sanda ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan feda, ya waiwayo ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai har yanzu ba ka koyi komai ba? Kafin ruwa."

Ya hau kekensa ya tafi. Raudatu ta ɗaga kai ta dubi gabas. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Ta ɗebi gero da yatsu ta jefa a ramin da ke gabanta, ta rufe da diddige.

"Ɗauki sungumin," ta ce wa Wahidu. "Watakila yau."